Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Wudil: A Keɓe wa Lajawa Filin Jama'a, a Yi Masa Takarda

Mai girma Shugaba,

Ranka ya daɗe, maganar fili ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san da jin haka za ka gyara zama, don a ƙasar Kano wanda ya zo wa mai mulki da batun fili, yawanci fuloti yake nema. Ni roƙona daban ne. Ina roƙon ƙaramar hukuma ta keɓe wa garin Lajawa fili na jama'a wanda bai gaza hekta 2 ba, a kawo safiyo ya auna shi, a kafa masa turakun siminti a kusurwoyinsa, a yi masa takarda da sunan al'umma, sannan majalisar kansiloli ta yi dokar da za ta hana yanka shi. Ragar ƙwallo da itatuwa da rijiya duk suna iya biyowa baya sannu a hankali. Takardar ce ba ta jira. Na kuma zaɓi in faɗi wannan a bainar jama'a ne saboda alƙawarin da aka yi a ofis, ƙofa a rufe, yakan bi wanda ya yi shi gida ranar da wa'adinsa ya cika.

Idan ka shigo garinmu da la'asar sakaliya a cikin rani, za ka ce ai yara na da wurin wasa, me wannan mutumin yake nema? Za ka tarar da su a bayan gari, ƙura na tashi, ana ihun a ba ni a ba ni. Amma ka tsaya ka tambayi wurin na wane ne. Gonar wani ce. Bayan an yi girbi an kwashe kara, yaran da kansu suke bi suna tumɓuke kututturen dawa da hannu, su share ƙaya, su saro reshen darbejiya su kafa a matsayin turakun raga, su ɗaura igiya a sama. Kututturen da ya ɓuya a ƙasa shi ke tsaga tafin ƙafar yaro, a ɗaure da tsumma a ci gaba. Ranar da mai gona ya turo amalanken taki, wasa ya tashi ke nan sai wata kakar, kuma babu mai ganin laifinsa, abincin gidansa yake nema. Filin makaranta ma aro ne: duk lokacin da aka samu aikin ƙarin ajujuwa, daga jikinsa ake ɓantara, kuma in aka zagaye makaranta da katanga, wanda abu ne mai kyau, maigadi ya kulle ƙofa bayan an tashi. Filin Idi yana da alfarmarsa da masu kula da shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Da damina ta kankama, shuka ta rufe ko'ina, abin da ya rage wa yaro shi ne lungu, da bakin titi, da kududdufi. Ba sai na tuna maka sau nawa ake jin sanarwar 'yan kwana-kwana a rediyo cewa sun ciro gawar yaro daga kududdufi a wani gari na jihar nan ba.

Wannan na maza ne. Na mata ya fi ban tausayi, don su ko aron ma sun rasa. Iyayenmu mata sun tashi da dandali. In farin wata ya fito, 'yan mata su yi gaɗa, a yi tafi, a yi carafke, samari na gefe guda suna langa ko kokawa, dattawa na zaune ba nisa, idonsu na kan kowa. Babu wanda ya taɓa fitowa ya ce an soke dandali. Gini ne ya yi ta matso shi, wannan ya fito da dakali, wancan ya ƙara zaure, wani ya kafa teburin shayi, har aka wayi gari wurin ya koma hanyar wucewar babur. Yarinyar yau daga makarantar boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai farantin talla, ta girma ba ta taɓa yin gudu don nishaɗi ba. Uwarta kuma, in ta je asibiti aka ce mata hawan jini ne ko ciwon suga, sai likita ya ce ta riƙa tattaki. A ina? A tsakar gidan da taku goma ya ƙure shi, ko a gefen titin da motocin shanu ke wucewa ranar kasuwa?

Za a ce Lajawa ba birni ba ce, ko'ina fili ne, me ake gaggawa? Wannan yalwar ita ce dalilin gaggawar. A ƙidayar 2006 an ce ƙaramar hukumar Wudil na da mutum dubu 185 da 'yan kai. Jariran da aka ƙirga a wancan lokaci yau su ne masu neman wurin da za su ajiye amarya. Garin Wudil kansa ya buɗe ta kowane ɓangare: jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, ga kasuwar kara ta ranar Juma'a da ke jawo fatake daga kudu da arewa, ga babban titin Kano zuwa Maiduguri. Duk inda irin waɗannan suka haɗu, kuɗin ƙasa tashi yake, kuma tashin ba ya tsayawa a hedikwata. Yana bin hanya zuwa Darki, zuwa Utai, zuwa Indabo, zuwa Lajawa.

Yadda fili ke ɓacewa kuwa kowa ya sani. Dattijo ya rasu ya bar gona a bakin gari da magada goma sha. Ba ta rabuwa ta yadda kowa zai noma abin kirki, sai a ce a sayar a raba kuɗi. Dillali ya kawo mai saye, mai saye ya kawo masu awon igiya, a ja layi a yanka hamsin da hamsin, a bar lungun da ko motar ɗaukar marar lafiya ba za ta shiga ba. A wannan awon babu wanda ake biya don ya tuna da makaranta ko magudanar ruwa, balle wurin wasan yara, domin duk takun da aka bari kuɗi ne aka bari. Ban zargi magada ba, haƙƙinsu ne. Ban ma zargi dillali ba, sana'arsa ce. Wanda aikinsa ne ya tuna da abin da ba na kowa ba amma na kowa ne, shi ne hukuma.

Bari in sa lissafi a gabanka. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsaye, mita 68 a kwance, wato bai kai kashi uku cikin huɗu na hekta ɗaya ba. Idan aka yanka shi fulotai masu ƙafa 50 da 100, zai ba da kamar 15. Hekta 2 da nake roƙo ba ta wuce fuloti 43 ba. Yau a Lajawa wannan gonaki biyu ne ko uku, magana ce da mutum biyu ko uku. In aka bari aka gina su, magana ce da magidanta 43, kowa da iyalinsa da takardarsa, kuma babu shugaban da zai iya tayar da su, bai ma kamata ya gwada ba.

Birnin Kano ya riga ya biya kuɗin wannan karatun, mu namu kawai mu ɗauka. A farkon shekarun 1970 marigayi Audu Baƙo ya keɓe wani makeken wuri a wajen gari ya yi gidan namun daji. A lokacin daji ne, na tabbata akwai waɗanda suka ce ɓarnar ƙasa ce. Yau titin Gidan Zu na cikin wuraren da suka fi cunkoso a Kano, shago na bin shago, kuma wannan gandun shi ne kusan wuri ɗaya da talaka zai kai 'ya'yansa ranar yawon Sallah su ga inuwa mai faɗi. Ko shi ɗin ma, a 2020 sai da aka yi maganar kwashe dabbobin a kai su Tiga, mutane suka yi ta tambayar me za a yi da filin in an kwashe. Da Audu Baƙo ya ce a bari sai gari ya iso wurin, da babu abin da za a samu.

Ɗaya darasin ya fi ɗaci. Filin Idi na Ƙofar Mata, wanda tun kaka da kakanni a buɗe yake, an wayi gari an yanka gefensa an gina shaguna, 'yan kasuwa suka zuba dukiyarsu. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su. A watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce a biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba na shiga rigimar wa ya yi daidai tsakanin mai ginawa da mai rushewa, magoya bayansu sun ishe su. Abin da nake so ka duba shi ne wa ya yi asara. Ɗan kasuwa ya yi, baitulmali ya yi, kuma kuɗin da aka biya na jama'a ne, don a dawo wa jama'a da abin da dama nasu ne. Haka badala ta yi ta zaizayewa, haka filayen makarantu da gefen maƙabartu suka yi ta komawa shaguna a cikin birni. Wurin da ba shi da takarda mai ƙarfi da idon jama'a a kansa, mai rabon fili kallon kango yake yi masa.

A wajen ƙasar nan ma haka labarin yake. Babban lambun da ke tsakiyar birnin Niyok na Amurka, mai faɗin hekta 341, tun 1853 aka yi dokar keɓe shi, lokacin gine-ginen birnin ba su kai can ba. Alƙahira kuwa, da aka so a yi wa tsohon gari lambu, sai da aka koma kan jujin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba wa shara, Gidauniyar Aga Khan ta kashe kimanin dala miliyan 30 kafin a buɗe lambun Azhar mai hekta 30 a 2005. Sai dai labarin Niyok yana da wani gefe da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi shafar mu: a cikin wurin akwai unguwar baƙaƙen fata masu gidajensu da coci-cocinsu da makarantarsu, aka tashe su a 1857. Wannan ne abin da ba na so a yi da sunan Lajawa.

Don haka in faɗa tun yanzu: kada a ƙwace gonar talaka a ce an yi wa yara filin wasa. In akwai filin hukuma ko tsohon hurumi da ya rage, a fara da shi. In babu, a zauna da masu gona a gaban mai unguwa da dagaci, a yi ciniki na mutunci, a biya su a hannu kafin a kafa turke ko ɗaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar ƙasar da ba ta cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni don amfanin jama'a, amma ta ɗora mata biyan diyyar abin da ke kan ƙasar, kuma in gona ce, ta ce a ba manomin wata a madadinta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Akwai kuma hanya ta uku, wadda a ganina ta fi duka albarka: Allah ya hore wa wasu 'ya'yan garin nan, a Kano da Legas da Abuja. Mutanenmu sun saba da gina masallaci a matsayin sadaka mai gudana, har wani lungun masallaci biyu ke kallon juna. Da za ka kira su ka nuna musu cewa sayen gona a yi waƙafinta don yaran gari su yi wasa, tsofaffi su sha inuwa, shi ma sadaka ce, na yi imani za a samu mai amsawa. Sayyidina Umar gonarsa ta Khaibar ya yi waƙafi da ita. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi da za ta iya shaida irin wannan kyauta ta rubuta ta.

Kada kuma wani ya ce maka wannan ba aikin ƙaramar hukuma ba ne. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukanku, ya ambaci lambuna da wuraren shaƙatawa da buɗaɗɗun filaye a sakin layi ɗaya da tituna da fitilun kan hanya da magudanan ruwa. Kowane shugaba yana tuna kwalbati, don ana ganinta kuma akwai ɗan kwangila mai tuna masa. Buɗaɗɗen fili ba shi da ɗan kwangila. Na san ƙorafin da shugabannin ƙananan hukumomi suka daɗe suna yi, cewa kuɗinsu ba ya zuwa hannunsu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma kowa ya ga irin jan ƙafar da aka yi wajen aiwatarwa. To amma abin da nake roƙo a matakin farko bai kai kuɗin rabon babura da kekunan ɗinki na rana ɗaya ba, irin wanda ake tara jama'a a ɗauki hoto. Kuɗin safiyo ne, da siminti, da diyyar gona.

Na san abin da za a fara jefo mini: mutane na fama da tsadar abinci, asibiti ba magani, ruwan sha sai an saya, kai kana maganar wasa? Gaskiya ne, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin maganin zazzaɓi da ragar ƙwallo, magani zan zaɓa. Bambancin shi ne asibitin da ba a gyara bana ba ana iya gyara shi baɗi, yana nan inda yake. Filin da ba a keɓe bana ba, baɗi gidan wani ne.

Abu na biyu shi ne tsoron iyaye da malamai, kuma ban raina shi ba. Da an ce wurin shaƙatawa, abin da ke zuwa zuciyar dattijo shi ne matattarar 'yan shaye-shaye da cakuɗuwar samari da 'yan mata da kiɗa har tsakar dare. Ba zan yi maka alƙawarin da wasu ke yi ba, cewa filin ƙwallo zai raba matasa da ƙwaya. Matsalar ta fi haka zurfi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumomin Najeriya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya yi ƙamari. Abin da na sani shi ne mai shaye-shaye kango yake nema da duhu da bayan gari. Fili a buɗe, mai fitilar sola, wanda dattawa ke zaune a bakinsa suna dara, ba ya yi masa daɗi. Addini kuma bai hana motsa jiki ba: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar mutanen Habasha suka yi wasan masu a masallacinsa ranar Idi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ta'alimur Radi, ya yi bayanin hurumin gari da na rijiya, wato ƙasar da ake bari don amfanin kowa, ba a mallaka wa mutum ɗaya. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Sai dai a shigo da malamai tun ranar farko. Mun ga abin da ya faru a 2016, da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina dandalin shirya fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Ba a tuntuɓi masu faɗa a ji ba, aka hau mumbari, cikin 'yan kwanaki aka janye aikin. Ko mutum na goyon bayan wancan aiki ko ba ya yi, darasin a fili yake. A Lajawa a kira limamin Juma'a da malaman Islamiyyu da 'yan Hisba, su sa hannu a ƙa'idojin wurin: da kiran magariba an tashi, babu caca, babu kiɗan dare. A zagaye kusurwa ɗaya da katanga mai ƙofarta daban don mata da ƙananan yara, mace ce za ta riƙe mabuɗin. In ba a yi wannan ba, filin zai zama na samari kaɗai, kuma an bar rabin gari a baya.

Ba na roƙon ciyawar Turai ko maɓuɓɓugar ruwa mai fitilu. Irin waɗannan wata shida suke yi famfo ya lalace, a bar mana kwatami. Fili a baje shi, a cike ramuka. A gefe a zuba yashi don kokawa da dambe da langa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa a Tawa, kuma kowane babban birnin jiha a can yana da filin kokawarsa ginanne. Mu da muke da 'yan kokawar da makaɗansu, sai an yi kaka a ari gonar wani. Ba zan ce maka daga filin nan za a samu wani Ahmed Musa ba. Mai yiwuwa a samu, amma ba don shi nake magana ba. Don ɗari tara da casa'in da taran da ba za su taɓa sa rigar Kano Pillars ba nake yi, waɗanda za su zama manoma da teloli da malaman makaranta, amma suna da haƙƙin su yi gudu su yi gumi su koyi cin wasa da shan kaye ba tare da an zaro wuƙa ba.

Itatuwa su ne rabin aikin, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Duk shekara ana bikin dashen itatuwa, babban mutum ya tsuguna ya dasa ɗaya, a zuba ruwa da sabuwar buta, a tafa. Kafin wata ya zagayo akuya ta gama da shi. Dashe ba ya rayuwa sai da kariya da ban ruwa na rani biyu, kuma sai an san wane ne zai amsa tambaya in ya mutu. Manoman Maraɗi da Damagaram sun dawo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 tun daga shekarun 1980 ta hanyar sassaben zamani, ba da bikin dashe ba. Kowa ya riƙa kare tohon gawo da kalgo da ke fitowa a gonarsa, don ya san nasa ne. Mu ma a raba: kowace ƙungiyar ƙwallo, kowace Islamiyya, ƙungiyar 'yan acaɓa, mahauta, a ba kowa layinsa da sunansa a jiki, a ga wanda nasa zai bushe. Darbejiya don saurin inuwa, amma a sa tsamiya da ceɗiya da durumi don jikoki. Rijiyar burtsatse mai sola guda ɗaya ta isa ban ruwa, kuma unguwar da ke kusa za ta sha, wanda hakan zai sa ta zama mai gadin wurin ba tare da albashi ba. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya da Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa duk suna aiki a Kano. Wasiƙa daga ofishinka za ta fi tawa saurin samun amsa.

Yanzu ga abin da na fi jin tsoro, kuma shi ya sa na nace a kan doka. Ba ranar da za a zo a ce za a sayar da filin gaba ɗaya. Abin da za a ce shi ne a gina shago biyu kacal a bakin titi, don a samu kuɗin kula da wurin. Magana ce mai daɗin ji, kuma mai kawo ta yawanci mutumin kirki ne. Shago biyu su zama shida, bayan shagunan ya zama wurin fitsari, sai a ce ai gefen nan ya lalace gara a yanka shi. Wanda zai gaje ka ya tarar da ƙofa a buɗe. Don haka dokar ta fito ƙarara: babu gini a cikin filin sai banɗaki da rumfar inuwa da katangar ɓangaren mata, babu kwantena, babu ba da hayarsa ga masu ajiye motoci ranar kasuwa. Mai ƙosai da mai rake su zo da farantinsu su tafi da shi. Taron siyasa a bar kowace jam'iyya ta yi, ko a hana kowa. Kuma ina roƙon kada a sa wa wurin sunan ɗan siyasa, ko da naka ne, ranka ya daɗe, don wanda ya zo bayanka daga wani ɓangare zai ga kamar gyara shi tallata ka ne. A kira shi Dandalin Lajawa.

Taswirar da safiyo zai zana kada ta kwana a durowa ɗaya. Fayil yana ɓata, ofis yana gobara, ma'aikaci yana ritaya. A yi kwafi a ajiye a sakatariya, a kai ɗaya ma'aikatar filaye ta jiha a shigar da ita rajista, a ba masu sarautar garin ɗaya, limamin Juma'a ɗaya, shugaban makarantar firamare ɗaya, a kuma zana ta da fenti a kan allo a bakin filin, da tsawonsa da faɗinsa, yadda duk yaron da ya iya karatu zai san inda iyakar take. In aka yi wa Lajawa, sauran mazaɓu tara za su tambayi nasu, kuma ya kamata su tambaya. Zai yi kyau ka sa sashen filaye ya kawo maka jerin duk wani filin jama'a da ke ƙaramar hukumar nan, a ga nawa ne ke da takarda.

Maganar lokaci ta rage. Awo da biyan diyya aikin rani ne, bayan an kwashe amfanin gona kuma kafin manomi ya kai taki, don kada a sa shi asarar shekara. Dashe kuma sai ruwa ya zauna, a Yuli zuwa Agusta. Ke nan in ana so a ga itace a ƙasa a damina mai zuwa, dole kuɗin ya shiga kasafin da za ku tsara a ƙarshen shekara, kuma kansilanmu ya gabatar da ƙudurin dokar kafin nan. Mu a namu ɓangaren za mu zauna da dattawa da matasa da mata mu fitar da wurare biyu ko uku da muke ganin sun dace, da sunayen masu gonakin da suka yarda a yi magana da su. Muna roƙon ka sa mana ranar da za mu kawo maka su a sakatariya, ko kuma, in ka ga dama, ka zo da kanka ka taka wuraren da ƙafarka.

Allah ya taimaki Shugaba, ya sa a gama lafiya.

Naka,
Wani ɗan mazaɓar Lajawa,
Ƙaramar Hukumar Wudil, Jihar Kano.